Masu Bin Sawun Abin da ke Sandarar da Kwamfuta

Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Haɗejiya, tun daga na dillalan kasuwar kifi har na ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, Android ne ke tafiyar da su. A ƙarƙashin Android ɗin kuwa akwai wani abu da mai waya ba ya gani, ba ya taɓawa, amma ba don shi ba wayar ba za ta ko kunnu ba. Sunansa kanel. Shi ne zuciyar babbar manhaja. Shi ke raba wa manhajoji lokacin firosesa, shi ke yanka wa kowace rabonta na ma'ajiya, shi ke magana da batir da kyamara da faifan ajiya a madadinsu. Kanel ɗin da ke cikin Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Yau layukan rubutunsa sun haura miliyan 30.

Kusan kowane mako tara zuwa goma sabon Linux yake fitowa. Makonni biyu na farko ana buɗe ƙofa, masu rubutu daga ko'ina a duniya su zuba canje-canjensu, waɗanda sukan haura 10,000. Daga nan sai Torvalds ya rufe ƙofar ya fitar da sigar gwaji ta farko, wadda ake kira rc1. Kusan kowace Lahadi wata na biyo baya, rc2, rc3, har zuwa rc7, wani lokaci rc8. Waɗannan sigogi ba don kowa aka yi su ba. An yi su ne don wasu mutane da suka yarda su ɗora ɗanyen aiki a kan kwamfutocinsu, su ci karo da matsala tun kafin ta iso ga sauran jama'a. Matsalar da ta fi ba su wuya kuwa ita ce sandarewa.

Idan kanel ya faɗi, sau da yawa yakan bar wasiyya. Yakan zubo rubutu a kan sikirin, ya faɗi inda yake lokacin da abin ya same shi. Sandarewa ba ta barin komai. Hoton da ke sikirin yana nan yadda yake, fanka na juyawa, fitilar wuta na ci, amma kibiyar linzami ta tsaya cak. Abin da yawancinmu muka sani a nan shi ne a danne maɓallin kashewa, a sake kunnawa, a ce ai haka kwamfuta take. In abin ya yi yawa a kai wa mai gyara ya goge komai ya zuba sabo. Gwanin bin sawun sandarewa kuwa yakan janye hannunsa daga maɓallin nan tukuna, domin ya san injin da ya sandare shi ne kaɗai shaidar da yake da ita, kashe shi kuwa sallamar shaida ne tun bai yi magana ba.

Tambayarsa ta farko ita ce: mutuwar ta kai ina? Yakan miƙa yatsa ya danna Caps Lock yana kallon 'yar fitilar da ke kansa. Ba maɓallin ne ke kunna fitilar nan da kansa ba, kanel ne ke karɓar saƙon dannawar ya ba da umarnin a kunna ta. Saboda haka in ta kama ta mutu yadda aka saba, kanel na da rai, ana iya zargin ɓangaren da ke zana hoto a sikirin. In tana ƙyaftawa ita kaɗai ba a taɓa ta ba, wannan alama ce da aka shirya da gangan: kanel ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya tsayar da kansa. In kuwa ba ta motsa ko kaɗan ba, to al'amarin ya yi zurfi. Dannawa guda ta raba masa matsalar gida uku.

Sai ya juya ga kwamfuta ta biyu, ya aika wa wadda ta sandare sallama ta hanyar sadarwa da umarnin ping. In ta amsa, ya gwada shiga cikinta daga nesa da ssh. Sau da yawa injin da ake ganin ya mutu yana nan garau a ciki, fuskarsa ce kawai ta daskare, kuma daga nesa ana iya karanta duk ƙorafin da kanel ya rubuta. In wannan ƙofar ma a rufe take, akwai sauran guda. A kan kibod akwai maɓallin da kusan ba wanda ke kula da shi, SysRq, wanda yawanci yake zaune tare da Print Screen. In an buɗe masa izini tun kafin matsala ta faru, haɗa shi da Alt da wani harafi yana isar da umarni kai tsaye ga kanel, ba tare da bi ta kan kowace manhaja ba. Harafin w yana sa kanel ya lissafo ayyukan da suka maƙale suna jira. Harafin l yana sa kowane kan firosesa, wato kowane sashenta mai aiki da kansa, ya faɗi abin da yake yi a daidai wannan lokaci. In an gama tambaya, s yana sauke abin da ke ma'ajiya zuwa faifai, u yana hana a ƙara rubutu a faifan, b ya sake kunna injin. Ko kashewar ma da tsarinta.

Kafin a ɗora wa kanel laifi, sai an wanke injin daga zargi, kuma a ƙasarmu wannan mataki ba na wasa ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya yakan wuce digiri 40. Ƙurar hunturu takan toshe fanka har iska ta daina ratsawa. Wuta takan yi sama ta yi ƙasa, janareto ma haka, ga kuma yawancin kwamfutocin da ke hannun matasanmu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya sandarar da inji ba ruwan kanel. Don haka gwani yakan buɗe bayan injin ya hure ƙura, ya duba ma'aunin zafin firosesa, ya bar manhajar memtest86+ ta kwana tana rubutu tana karantawa a kowane lungu na ma'ajiyar wucin gadi, ko za ta kama wurin da ke mayar da abin da ba shi aka ba shi ba. Sannan ya koma kan tsohon kanel, wanda ya san lafiyarsa, ya yi aiki iri ɗaya a zafi iri ɗaya. In tsohon ma ya sandare, to magana ta koma kan ƙarfe. In tsohon ya tsaya daram, sabon ne kaɗai ke faɗuwa, an sami abin da masu wannan aiki suka fi ɗauka da muhimmanci, wato koma-baya: abin da jiya yake aiki yau ya daina. Torvalds ya daɗe da kafa doka a kan wannan, cewa ba a yarda sabon kanel ya ɓata wa mai amfani abin da yake yi masa aiki ba.

Yanzu saura a sa injin ya yi magana. Wanda bai saba ba yakan sake kunnawa ya buɗe kundin rahoton kunnawar da ta gabata, ya tarar da shi tsaf, ba ƙorafi ko ɗaya. Dalili kuwa mai sauƙi ne idan an yi tunani: kanel ne ke rubuta rahoto a faifai, to in shi ne ya sandare, wa zai rubuta? Layukan ƙarshe, waɗanda su ne ake nema, sun tafi tare da wutar da aka ɗauke. Dole a tanadi wata hanya da maganar za ta fita kafin numfashi ya ɗauke.

Tsohuwar hanya ita ce kebul na siriyal, wanda ake ja daga injin gwaji zuwa wani injin, kowane harafi da kanel ya furta ya bi waya ya faɗa can nan take. Kwamfutocin cinya na yanzu ba su cika zuwa da wannan kafa ba, sai aka koma ga netconsole, wanda ke jefa kowane layi ta kebul ɗin sadarwa zuwa kwamfuta ta biyu da ke zaune tana saurare. Wanda ba shi da inji na biyu yana da pstore, wata 'yar kusurwa da abin da aka rubuta a cikinta ba ya gogewa idan an sake kunnawa. Mafi ban sha'awa a wurina shi ne kdump. Tun lokacin kunnawa ake ware wani yanki na ma'ajiya a ajiye ƙaramin kanel na biyu a ciki, ba ya yin komai, jira kawai yake. Ranar da babban ya faɗi, sai ƙaramin ya tashi a wurinsa, ya kwashe duk abin da ke cikin ma'ajiyar mamacin ya ajiye a faifai, yadda za a zauna daga baya a bincika a tsanake.

Amma kdump ba ya tashi sai kanel ya faɗi, matsalarmu kuwa ita ce bai faɗi ba, tsayawa ya yi. A nan ne masu gadi ke shigowa. A cikin kanel akwai mai gadin da ke lura ko wani kan firosesa ya riƙe aiki ɗaya ya hana kowa wuri. In hakan ya kai daƙiƙa 20 sai ya yi kururuwa. Akwai wanda ya fi shi tsanani, mai amfani da wata irin ƙararrawa da firosesa ba ta iya toshe kunne daga gare ta. Shi yana kama firosesar da ta daina amsa kowane kira na kimanin daƙiƙa 10. Na uku yana zagayawa yana duba ayyukan da suka kwanta jiran wani abu, in ya tarar da wanda ya yi daƙiƙa 120 bai motsa ba ya rubuta sunansa. Gwani yakan kunna su duka, ya kuma umarce su da cewa in sun ga abu kada su tsaya a kururuwa, su kayar da kanel ɗin gaba ɗaya. Da hannunsa yake mayar da shiru ya zama faɗuwa, domin faɗuwa tana barin bayani.

Bayanin da ke fitowa jerin sunaye ne, kowane suna wani ɗan aiki ne a cikin kanel, an jero su daga wanda ake ciki lokacin da abin ya faru zuwa wanda ya kira shi, zuwa wanda ya kira wancan. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa ana tambaya: me wannan yake jira, kuma a hannun wa abin yake? Sau da yawa amsar tana komawa ga makulli. Saboda kawunan firosesa da yawa suna aiki a lokaci ɗaya, duk wanda zai taɓa wani bayani sai ya riƙe makullinsa, ya gama ya saki. To a ce aiki na farko ya riƙe makulli na ɗaya yana neman na biyu, aiki na biyu kuma ya riga ya riƙe na biyun yana neman na ɗaya. Babu mai saki, babu mai samu. Sauran ayyuka su zo su yi layi a bayansu har injin duka ya tsaya. A 2006 Ingo Molnar ya shigar da wani kayan aiki mai suna lockdep, wanda ke haddace tsarin da aka bi wajen ɗaukar kowane makulli. Da zarar ya ga wani wuri an ɗauka daga ɗaya zuwa biyu, wani wurin kuma daga biyu zuwa ɗaya, sai ya yi gargaɗi, ko da cafkewar ba ta taɓa faruwa ba. Yana kama laifin da ba a kai ga aikatawa ba tukuna.

Wani lokaci duk wannan tarko ba ya kama komai. Sai a koma ga dabarar da ba ta buƙatar mutum ya iya karanta rubutun kanel ko layi ɗaya, haƙuri kawai take nema da gaskiya. Ana kiranta git bisect, tana cikin Git, manhajar adana tarihin canje-canje da Torvalds ya rubuta a 2005. Manomin rani a Auyo ya san wannan dabara ko bai taɓa ganin kwamfuta ba. In ruwa bai iso gonarsa ba, ya san a bakin ƙofar dam akwai ruwa, a gonarsa babu, to toshewar tana tsakani. Ba sai ya bi magudanar taku-taku yana leƙen kowane tushen kacalla ba. Ya je tsakiya ya duba. In akwai ruwa a can, matsalar tana gaba, in babu tana baya, rabin tafiya ya fita daga lissafi. Haka mai bincike yake gaya wa Git cewa wannan tsohuwar siga lafiyarta ƙalau, wannan sabuwa kuwa tana sandarewa. Git ya zaɓo masa canjin da ke tsakiya. Ya harhaɗa kanel daga nan, ya ɗora, ya kunna, ya gwada, ya dawo ya ce mai kyau ne ko marar kyau. Git ya sake raba abin da ya rage biyu. Canje-canje 10,000 sukan koma 5,000, su koma 2,500, a haka a haka, cikin zagaye 14 ko kusa da haka a tsaya a kan canji guda ɗaya tak, da sunan wanda ya rubuta shi da ranar da ya rubuta da dalilinsa.

A faɗe abin da sauƙi. Kowane zagaye sai an harhaɗa kanel sabo, wanda a tsohuwar kwamfuta yana iya cin sa'o'i. Masu wayo sukan rage wannan da umarnin make localmodconfig, wanda ke duba kayan da injin yake amfani da su a zahiri ya watsar da dubban direbobin da ba ruwansa da su, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kowace na'ura. Wani zagayen kanel ɗin ya ƙi harhaɗuwa ko ya ƙi tashi saboda wata matsala dabam, sai a ce wa Git ya tsallake wannan ya ba da na kusa da shi. Mai aikin yana riƙe da littafi da biro, kowane zagaye ya rubuta lambarsa da abin da ya yi da tsawon lokacin da ya jira.

Wannan jiran shi ne inda ake gane gwani. Cewa kanel marar kyau ne abu ne tabbatacce, tunda ka gan shi ya sandare. Cewa mai kyau ne kuwa zato ne kawai, domin wataƙila da ka ƙara sa'a ɗaya da ya faɗi. In ka yi gaggawar wanke shi sau ɗaya, Git zai jefar da rabin da ɓarawon yake ciki, ya ci gaba da kai ka har ya nuna maka wani canji da bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa kafin a fara rabawa ake ɓata kwanaki ana neman abin da ke tayar da matsalar: rufe murfin kwamfuta a buɗe ne, ko kwafar babban fayil, ko cire caja ana tsakiyar kallon bidiyo? Wanda ya iya sa injin ya sandare cikin minti biyar duk lokacin da ya ga dama ya gama rabin aiki.

Ko manya sun sha wuya a wannan gaɓa. A watan Nuwamba na 2014, Dave Jones, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Red Hat, ya ba da rahoton cewa injinsa na yawan sandarewa a kan sigar gwaji ta 3.18-rc4. Shi ne marubucin Trinity, manhajar da ke jefa wa kanel buƙatu barkatai don a ga inda zai karye. Matsalar takan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwana guda ko fiye, kafin ta bayyana, don haka rabawar ta riƙa kai shi wuraren da ba su da ma'ana. Torvalds da kansa ya shiga binciken tare da wasu manyan masu rubuta kanel, aka yi makonni ana kawo zato ana kayar da shi. Ranar 7 ga Disamba aka fitar da 3.18 ba a gano bakin zaren ba, Torvalds kuma bai ɓoye hakan ba a sanarwarsa. Daga baya zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan wani agogo da ke cikin ƙarfen injin, mai suna HPET, wanda alamu suka nuna Trinity ɗin ce da kanta take yi wa rubutu barkatai har lissafin lokaci ya rikice. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne mutumin ya ci gaba da kunna inji yana jira yana rubutawa, mako bayan mako, bai taɓa ƙawata sakamakonsa don ya dace da zaton manya ba.

In Git ya nuna canji guda, ba a tsaya nan ba. Sai a koma kan sabuwar siga a zare wannan canjin shi kaɗai, a sake harhaɗawa. In sandarewar ta ɓace, hujja ta cika. Sannan a rubuta rahoto. A cikin kanel akwai fayil mai suna MAINTAINERS da ke faɗin wanda ke kula da kowane sashe, shi ake aika wa tare da marubucin canjin. Rahoto mai kyau gajere ne: ga irin injina, ga sigar da ke aiki, ga wadda ba ta yi, ga yadda ake tayar da matsalar, ga abin da kanel ya furta, ga canjin da na kama, na zare shi kuma abin ya daina. Babu zagi, babu kuka. Akwai ma mai bin diddigin irin waɗannan rahotanni don kada su ɓace, Thorsten Leemhuis, ɗan ƙasar Jamus. In gyara ya fito, a kan mai rahoton ake dawowa ya gwada, kuma sunansa yakan shiga tarihin kanel a matsayin wanda ya kawo rahoto ko ya tabbatar da gyara.

Wajibi ne in ja kunne a kan abu ɗaya. Ba a ɗora sigar gwaji a kan kwamfutar da ke ɗauke da kundin digirinka ko lissafin shagonka. A farkon Maris na 2021 an gano cewa 5.12-rc1 tana da kuskuren da ke iya sa kanel ya yi rubutu a inda bai kamata ba a faifai, ya lalata fayilolin mutum, har Torvalds ya sauya wa sigar suna ya liƙa mata gargaɗin kada a yi amfani da ita. Injin gwaji daban, ko aƙalla a kwafe komai a ajiye a wani wuri tukuna.

Masu rubuta kanel yawancinsu suna aiki ne da sababbin injuna a ɗakuna masu sanyi. Tsofaffin kwamfutocin da suka cika shagunanmu, masu shekara goma da ɗoriya, kaɗan ne daga cikin masu rubuta kanel ɗin ke gwada sabon kanel a kansu, don haka in wani canji ya karya su, ba mai sani sai abin ya iso gare mu. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Haɗejiya ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa yana riƙe da abin da waɗancan ba su da shi. Don shiga wannan aiki ba a neman shaidar digiri, ba a biyan ko kwabo. Data mai yawa sau ɗaya ake kashewa wajen sauko da tarihin kanel, bayan nan duk rabawar ana yinta ba intanet. Sa'o'in da ke tafiya a zaman majalisa ana jan sikirin da yatsa sun isa a kammala zagaye biyu ko uku a yini. Ɗan'uwa mai karatu, in kana da tsohuwar kwamfuta da ke kwance tana shan ƙura, ka share ta, ka ɗora mata Linux, ka jira rc1 mai zuwa ka gwada. In ta sandare, kada ka yi saurin kashe ta.